Kafin mu tura kuɗin sola gida: PWM ko MPPT?

A nan Aziziya da ke Doha wutar Kahramaa ba ta cika ɗaukewa ba, amma iyayenmu a Nima, Aboabo da Tamale sun san dumsor. Shi ya sa da yawanmu muke tara riyal don a sa musu sola. Sai mu yi ta ciniki kan faranti da batir, mu manta da kontirola, ƙaramar na'urar da ke tsakaninsu tana daidaita caji. Ita kuwa in ba ta dace ba, wutar da muka biya kuɗinta takan tafi a banza, ko batir ya mutu da wuri.

Iri biyu ne. PWM tana da araha, amma tana jawo volt ɗin faranti ya sauko daidai da na batir. Faranti mai wat 100 yakan ba da volt 18 da amp 5.5. In batir mai volt 12 yana caji a volt 14, kusan wat 77 kaɗai zai shiga. MPPT kuwa tana mai da rarar volt ɗin ƙarin amp, sai kusan duk wutar ta isa batir.

A ƙaramin haɗi, na fitilu da cajin waya, PWM ta wadatar. Ana gwada faranti ne a zafin digiri 25, kuma da rana ta gasa shi volt ɗinsa ya ragu, ribar MPPT ma ta ragu.

Manyan faranti masu wat 400 zuwa 550 fa, volt ɗinsu yana kusan 40. In aka haɗa su da batir mai volt 12 ta PWM, an yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na wutar. Nan sai MPPT.

Don haka kafin a tura kuɗi, mu nemi hoton takardar da ke manne a bayan faranti. Vmp zai nuna irin kontirolar da ta dace, Voc kuma kada ya wuce iyakar da aka rubuta a jikinta. In batirin litiyom ne, a tabbatar tana da saitinsa. A kula da jabu kuma: akwai masu rubutun MPPT alhali cikinsu PWM ne, ba nauyi, ga arha. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa kafin faranti.

Allah ya sa albarka a neman da muke yi.