Kafin a Sayar wa Ɗan Jari-Bola da Tsohuwar Kwamfuta

A shagunan buga takardu na garin Dawakin Tofa, da ofisoshin makarantu, da wasu rumfunan dillalan hatsi a kasuwar Dawanau, ba a rasa tsohuwar kwamfutar teburi da aka tura lungu, ƙura ta lulluɓe ta. Yawancinsu na zamanin Windows XP ne, wanda ya fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da shi a watan Afrilun 2014. Idan ka tambaya, sai a ce maka ai ta mutu. Sau da yawa abin da ya mutu shi ne akwatin wutarta ko babban allon da ke cikinta. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis, yana nan da ransa, ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da takardun cinikin gona, da lissafin buhunan riɗi da wake, da hotunan bikin mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ga mai son ceto waɗannan bayanai, matsalar farko ta baki ce. Tsohon faifai yana da bakin da ake kira IDE, mai ƙusoshi 40 a layi biyu, wanda ake soka masa kebul mai faɗi kamar ɗamara. Na laftof ƙarami ne, ƙusoshinsa 44. Daga 2003 aka fara komawa SATA, yau kuwa sababbin laftof da yawa ko SATA ɗin ba su da shi, sai wata 'yar ma'ajiya siririya da ake ɗaurewa a jikin allo. To, ina za ka soka tsohon? Maganin 'yar adafta ce mai mayar da IDE zuwa USB, irin wadda ake nema wurin masu kayan kwamfuta na Titin Beirut ko Farm Centre a birnin Kano.

A nan mutane da dama ke yanke ƙauna ba dalili. Babban faifai na kwamfutar teburi yana bukatar wuta kashi biyu, bolt 12 domin injin da ke juya shi da bolt 5 domin allonsa, shi kuwa USB bolt 5 kawai yake bayarwa. Idan adaftar ba ta zo da cajarta mai baki huɗu ba, faifan zai yi shiru, a ce ya ƙone. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin marfin roba a bayansa, tsakanin bakin kebul da na wuta, wanda a da yake nuna ko faifan shi ne babba ko mabiyi idan biyu suna kan kebul ɗaya. A duba zanen da ke jikin takardar faifan, a mayar da marfin gurbin babba. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da faifan da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Da an ba shi wuta, a kasa kunne. Lafiyayye zai ɗauki juyi a hankali, ya yi 'yar ƙaras-ƙaras, ya daidaita. Idan kuwa aka ji ƙas, ƙas, ƙas ba ƙaƙƙautawa, a zare wuta nan take. A cikin faifan akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a samansa, tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba. Idan kan ya lalace ya fara gogar farantin, kowane juyi kankare bayanai yake yi. Shi ya sa kwance murfin faifai a shago ganganci ne, balle a lokacin hunturu: ƙwayar ƙura ɗaya ta fi wannan tazara girma nesa ba kusa ba. Masu sa shi a firiza ko su bubbuga shi da sukudireba, na tabbata da kyakkyawar niyya suke yi, amma raɓa da duka na iya ƙara lalata shi. Faifai mai irin wannan ƙara aikin ƙwararru ne masu ɗaki marar ƙura, kuma da tsada.

Tarko na biyu ya fi cin mutane, domin da ladabi yake zuwa. Sabuwar kwamfuta takan ga faifan ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Kada a amsa mata. Abin da ya faru kamar sito ne a Dawanau cike da buhuna amma littafin da ke nuna na wane da na wane ya ɓace. Kayan suna nan, jerinsu ne ya rikice. Mai gyara na kirki zai fara kwafe faifan kacokan zuwa wani sabo, da manhaja irin ddrescue wadda ke fara ɗebe wurare masu lafiya kafin ta koma kan masu gardama. Bayan haka a kan kwafin zai yi aiki. TestDisk kan gyara jerin da ya rikice, PhotoRec kuma kan bi faifan tiryan-tiryan tana tsinto hotuna da takardu, ko da yake ba ta dawo da sunayensu. Duka biyun kyauta ne. Abin da aka ceto kuma ba a zuba shi a kan faifan da ake ceto daga gare shi, don zai iya danne wanda ba a kai ga cirowa ba. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, saboda haka a yi shi da laftof mai batir mai kyau, adaftar kuma a kan sola ko inbata, ba a kan wutar da ke ɗaukewa ba sallama.

Zan ƙara da cewa a zauna a wurin mai gyaran idan da hali. Faifan gida yana da hotunan iyali da takardun da ba na idon kowa ba.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, masu rubutu da Hausa. A ce komai ya tafi daidai, fayil ya buɗe, sai a ga "}asa" a gurbin ƙasa, "]aya" a gurbin ɗaya. Takardar ba ta lalace ba. Kafin haruffan Unicode su yaɗu, masu buga Hausa sun dogara da nau'in rubutu na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan baka da makamantansu. Sabuwar kwamfuta ba ta da wannan nau'in, sai ta nuna ainihin maɓallin da aka danna. Don haka, lokacin kwafewa a haɗa da jakar Fonts da ke cikin jakar Windows ta tsohon faifan, a girka nau'in a sabuwar kwamfuta. Wanda ke son takardar ta karantu a waya da intanet kuwa, sai ya buɗe ta a Word, ya umarce ta da ta musanya kowace alama da harafinta na gaskiya, ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, sannan ya ajiye ta da sabon suna ya bar tsohuwar yadda take.