Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Mu da muke tsayawa gaban allo kullum safiya, fuskokin yara muke fara dubawa kafin mu buɗe littafi. A 'yan shekarun nan mun lura da wani abu a tsakanin 'yan matanmu na manyan azuzuwa. Yarinya za ta fara da ɗan duhu a ƙarƙashin ido, kafin shekara ta zagayo sai ka ga kumatu sun yi fari, duhun kuwa ya ƙara fitowa kamar ta sa tabarau. Da muka bincika, ashe man bilicin ake sayowa a kasuwa, wai don a kashe baƙin.

To, shi wannan duhu ba datti ba ne da za a kankare. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, shi ya sa jijiyoyin jini sukan nuna ta cikinta. Wasu gadonsa suka yi, in ka dubi uwa ka ga 'ya. Wasu kuma rashin barci ne. Yarinyar da ta taya mahaifiyarta sayar da abinci har tsakar dare, ta kuma tashi da asuba dama koko, ina za ta ga hutun ido? Lokacin hunturu ƙura takan sa ƙaiƙayi, yawan murza ido kuwa yana ƙara wa fatar baƙi. Wanda ya fi damun mu shi ne ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko yawan jinin al'ada kan haddasa. Wannan a asibiti ake gane shi da gwajin jini, ba a teburin mai kayan kwalliya ba.

Su mayukan nan, da yawansu suna ɗauke da sinadarin hydroquinone. In aka daɗe ana shafa shi yakan bar tabo baƙi mai wuyar magani. Wasu kuma suna da maganin kumburi mai ƙarfi da ke ƙara sirantar da fata. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana kuma ta hana shigo da masu hydroquinone a 2016. Duk da haka ba su ɓace daga kasuwa ba.

Abin da muke ba iyaye shawara ba ya cin kuɗi sosai. A bar yarinya ta yi barci isasshe. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan sanyi a ɗora a ido na 'yan mintoci. A yawaita wake, hanta, zogale da kontomire a tukunya. In biki ya taso ana son a rufe duhun, a sami hoda daidai da launin fata, kada ta fi shi haske, a shafa kaɗan, a wanke kafin a kwanta.

Kwalli ma a yi hattara da shi. Irin na dutse mai ƙyalƙyali yakan ƙunshi dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a zizara wa jarirai.