Ciwon kai mai bin agogo: me ke haddasa shi?

Akwai wani ciwon kai da ke tayar da mutum daga barci kusan lokaci ɗaya kowane dare, ya ji kamar ana soka masa jan ƙarfe a bayan ido ɗaya. Likitoci a Ghana da Najeriya suna kiransa “kilasta”, wato mai zuwa a jere, a Nijar da Togo da Benin kuwa sunansa “algie vasculaire de la face”. Yana kama kusan mutum 1 cikin 1,000, ya fi yawa ga maza, kuma yakan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Ya bambanta da ciwon ɓarin kai da aka saba ji. Mai ciwon ɓarin kai yana neman ɗaki mai duhu ya kwanta, shi kuwa wannan ba ya barin mutum ya zauna, sai kai-kawo. Tashi ɗaya yana ɗaukar minti 15 zuwa awa 3, kuma yana iya maimaituwa har sau 8 a rana, na tsawon makonni ko watanni, sannan ya lafa sai wata shekara.

Ganin yadda yake zuwa ya tafi ba a ga dalili ba, wasu sukan ɗauka iska ce ko sammu, wasu su zargi ido ko haƙori. Tushensa yana cikin ƙwaƙwalwa ne. A 1998 likitoci Arne May da Peter Goadsby da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a daidai lokacin da ya tashi. Suka ga wani ɗan sashe mai suna haifotalamus yana aiki fiye da ƙima. Bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, amma a nan agogon jiki yake, mai tsara barci da farkawa. Shi ya sa ciwon ba ya saɓa lokaci. An kuma gano sinadarin melatonin, mai daidaita barci, yana raguwa a jikin masu ciwon.

Raɗaɗin kansa yana bi ta jijiyar tirajeminal, mai kai saƙon ji daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa. Idan reshenta na ido ya motsa, sai ya saki sinadarin CGRP, wanda ke buɗa hanyoyin jini yana ƙara zugi. Daga nan saƙo ke tsallakawa zuwa jijiyoyin da ke sarrafa hawaye da majina, sai idon ya yi ja ya zubar da hawaye, hanci ya toshe, fatar ido ta sauko, duk a ɓangaren da ke ciwo.

Gado yana da hannu a ciki, kuma yawancin masu ciwon suna shan taba ko sun taɓa sha. A makonnin da yake tashe, giya, warin fetur ko fenti, har da barcin rana, na iya tayar da shi.

Farasitamol da tiramadol da ake saya a kemis ba su dace da shi ba: kafin ƙwaya ta narke, ciwon ya kai ƙololuwa, ga kuma haɗarin sabo da tiramadol. Abin da ke kwantar da shi cikin kusan minti 15 shi ne shaƙar tsantsar iskar oksijin ko allurar sumatriptan. Verapamil kuma yana rage tashinsa, amma sai likita ya duba bugun zuciya.

Ga mazauna Zongon Kumasi da Aboabo da Asawase, asibitin Manhyia yana kusa, daga nan ana iya tura mutum asibitin koyarwa na Komfo Anokye wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yana da kyau mai ciwon ya riƙa rubuta ranar da ya tashi, ƙarfe nawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, domin da wannan bayanin likita ke gane cutar.