Mace Mai Juna Biyu Da Wurin Aikinta A Lokacin Annoba

A watan Disamba na 2019 wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Cuta ce mai kama hanyar numfashi da huhu, ana kiranta korona. Cikin wata uku ta game duniya. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, a birnin Legas. Ta shiga Jamhuriyar Nijar a watan Maris, ta iso Kano a watan Afrilu na wannan shekara.

Gwamnati ta rufe makarantu. An kafa dokar kulle a manyan birane, an hana cin kasuwa a wurare da yawa. Gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida. Amma ba kowa ne ya sami damar zama ba. Malamar asibiti dole ta je bakin aiki. Ungozoma dole ta karɓi haihuwa. Mai tallar nono da mai tuyar ƙosai in ba su fita ba, ba za a ɗora tukunya ba. Da yawa daga cikin waɗannan mata suna da juna biyu. In sun fita suna tsoron cuta, in sun zauna suna tsoron yunwa ko kora daga aiki.

A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Amma ƙwayar cutar ba ta ƙare ba, kuma wata annobar tana iya zuwa. Saboda haka ya kamata kowane gida ya riƙe darasin da aka koya.

Yadda cutar take yaɗuwa

Ƙwayar korona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana fitowa daga baki da hancin mai cutar idan ya yi tari ko atishawa ko magana. Wanda yake kusa sai ya shaƙe ta. Ta fi yaɗuwa a ɗakin da yake cike da jama'a, ba taga, ba iska. Mutum yana iya ɗauke da ita bai sani ba, yana ta harkokinsa yana shafa wa wasu. Alamunta suna bayyana daga kwana 2 zuwa kwana 14 bayan an ɗauke ta. Alamun su ne zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, kasala da ciwon jiki. Wasu sukan daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci.

Me ya sa ake ji wa mai ciki tsoro?

Ciki ba cuta ba ne, amma yana sauya jikin mace. Idan ciki ya tsufa, mahaifa takan taso ta matse huhu daga ƙasa. Ga shi kuma mace tana bukatar iska fiye da da, domin numfashin mutum biyu take yi. Zuciyarta tana ƙarin aiki. Garkuwar jikinta ma takan sauya, domin jiki ya karɓi ɗan da ke ciki. Idan cutar huhu ta same ta a wannan hali, ta fi saurin galabaita.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A annobar mura ta 1918, wadda ta shigo har Nijeriya, mata masu ciki sun mutu da yawa. An sake ganin haka a annobar mura ta 2009.

A lokacin korona, yawancin masu cikin da suka kamu sun warke, sun haihu lafiya. Amma an lura cewa mai ciki ta fi wadda ba ta da ciki yiwuwar kwanciya rai a hannun Allah, har a sa mata na'urar numfashi. Haɗarin ya fi yawa a watanni uku na ƙarshe. Ya kuma fi yawa ga mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ƙiba sosai, da wadda ta wuce shekara 35.

Jaririn fa?

Ba kasafai cutar take ratsawa ta kama ɗan da ke cikin mahaifa ba. Haɗarin da ke kansa yana zuwa ne ta wajen uwa. Idan jikinta ya tsananta, tana iya haifar bakwaini, ko ɗan ya zo babu rai. Korona tana kuma ƙara haɗarin hawan jinin ciki, wanda yake kawo jijjiga.

Uwar da ta kamu za ta ci gaba da shayarwa. Kada a raba ta da jaririnta, kada a hana shi nono. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi, ta rufe baki da hanci da takunkumi yayin da yake sha.

Ayyukan da suka fi haɗari

Ba duk aiki ne haɗarinsa ɗaya ba. Tambaya uku ce take nuna girman haɗarin. Mutum nawa mace take cuɗanya da su a yini? A ɗaki take aiki ko a fili? Akwai marasa lafiya a cikin waɗanda take hulɗa da su?

Malaman asibiti, ungozomomi, masu shara da masu wanki a asibiti su ne a gaba wajen haɗari. Sai malaman makaranta masu aji cike da yara, da mata masu tsintar riɗi ko zoɓo ko gyaɗa a cikin sito. Sai masu aikatau a gidajen mutane da masu sayar da abinci a tasha. Shiga motar haya a cunkushe, gilashi a rufe, shi ma haɗari ne.

Aikin gona ya fi sauƙi ta wannan fuska, domin a fili ake yinsa. Amma yana da nasa nauyin. Doguwar tsayuwa a rana, ɗaukar kaya mai nauyi da feshin maganin ƙwari ba su dace da mai tsohon ciki ba, ko da annoba ko babu.

Abin da mai ciki za ta yi a wurin aiki

1. Ta sanar da shugaban wurin aikinta da wuri cewa tana da juna biyu. Kunya kada ta hana. Wanda bai sani ba ba zai sauƙaƙa mata ba.

2. Ta karɓo takarda daga likita mai nuna watannin cikinta, da duk wata lalura da take da ita. Ta ajiye kwafi ɗaya a gida.

3. Ta roƙi a sauya mata wurin zama ko irin aiki. Malamar asibiti tana iya cewa: "Ranki ya daɗe, cikina ya shiga wata 7, ga takardar likita. Ina roƙon a ɗauke ni daga ɗakin masu tari, a mai da ni wajen rubuta kati."

4. Ta sa takunkumi mai tsabta a cikin jama'a. Takunkumi ba ya hana ɗan ciki samun iska.

5. Ta riƙa wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20, musamman bayan karɓar kuɗi da kafin cin abinci.

6. Ta zauna kusa da taga ko ƙofa. Ta bar tazarar aƙalla mita 1 tsakaninta da mutane, in da hali mita 2.

7. Mai sana'a a kasuwa ta zaɓi inuwa a fili. Ta fita da sassafe, ta tashi kafin kasuwa ta cika.

Shugaban wurin aiki shi ma yana da nasa haƙƙin. Ya tanadi ruwa da sabulu, ya buɗe tagogi, ya rage cunkoso. Ya sallami duk mai zazzaɓi da tari ya je gida ya yi jinya, ba tare da an yanke masa albashi ba. In ana yanke albashin mara lafiya, kowa zai ɓoye ciwonsa ya zo aiki, cutar ta game kowa.

Abin da doka ta ce

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya yi magana a kan mai ciki. Tana da ikon barin aiki mako 6 kafin haihuwa, idan ta kawo takardar likita. Ba a yarda ta yi aiki ba a cikin mako 6 na bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 ko fiye a wurin aikin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Ba a yarda a ba ta takardar kora tana cikin hutun haihuwa ba. Idan ta koma aiki tana shayarwa, za a ba ta rabin awa sau biyu a yini domin ta ba jariri nono.

Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idojin. Gwamnatin tarayya tana ba da hutun da ya fi mako 12, da cikakken albashi. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun mai da hutun ma'aikatansu wata 6. A Jamhuriyar Nijar hutun haihuwa mako 14 ne.

Wannan sashe bai ambaci annoba ba. Saboda haka sauya wa mai ciki aiki a lokacin annoba ya dogara ne ga takardar likita da fahimtar juna. Wadda aka kora saboda ciki ta kai kuka ga ƙungiyar ƙwadago ko ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiharta. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai sauraron irin wannan ƙara.

Wadda ba ta da albashi

Yawancin matan karkara ba su da shugaban ofis, ba su da takardar hutu. Aikinsu surfe ne da daka, ɗebo ruwa da itace, ƙuli-ƙuli da kiwo. Hutunsu yana hannun maigida da dangi.

Ya kamata maigida ya ɗauke mata zuwa kasuwa da injin niƙa idan cuta tana yawo. Ya tuna shi ma yana iya kwaso cutar daga waje. Idan ya dawo gida ya wanke hannu kafin ya shiga ɗaki. Idan tari da zazzaɓi sun kama shi, ya ƙaurace wa ɗakinta har ya warke. Uwar miji da abokiyar zama su karɓi aiki mai nauyi. A ɗauke mata zuwa biki da suna da zaman makoki, ba tare da an riƙe ta a zuci ba. Matan da ke adashe suna iya ba mai tsohon ciki ɗauka da wuri, domin ta sami abin riƙewa a kwanakin da ba ta sana'a.

Kada a bar awon ciki

A 2020 mata da yawa sun guje wa asibiti don tsoron korona, wasu kuma dokar kulle ta hana su samun mota. Barin awo haɗari ne babba. A wurin awo ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar jariri. A can ake ba da maganin ƙarin jini, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar sarƙe-haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Zazzaɓin korona da na cizon sauro suna kama da juna. Gwaji ne kaɗai yake raba su. Kada mai ciki ta sayi ƙwaya a kemis ko wajen mai talla ta sha da kanta. Kada ta sha jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba.

Allurar rigakafi

Allurar korona ta iso Nijeriya a ranar 2 ga Maris 2021. An yi ta yaɗa jita-jita cewa tana zubar da ciki ko tana hana haihuwa. Mata masu ciki masu ɗimbin yawa sun karɓe ta a ƙasashen duniya, likitoci sun bi diddiginsu, ba a ga ta ƙara yawan ɓari ba. An ga ta rage tsananin cutar. Kariyar da uwa ta samu tana ratsawa ta kai ga jariri, ta taimake shi a watanninsa na farko. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta karɓi allura ɗaya a kowane ciki. A nemi bayani wajen malamar awo.

Alamun da ba a jira da su

A garzaya da mai ciki asibiti, ko da tsakar dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Numfashi yana yi mata wuya, ko ƙirji yana ciwo.
2. Zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka.
3. Ɗan ya rage motsi ko ya daina.
4. Zubar jini, ko fashewar ruwa kafin lokaci.
5. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu.
6. Jijjiga, ko rikicewar hankali.

Tun ciki yana ƙarami ya kamata maigida ya ware kuɗin mota, ya san direban da zai kira, ya san asibitin da za a nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa da ba su iya karatu ba tukuna. Malaman ajin yaƙi da jahilci su tattauna shi da ɗalibansu, maza da mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa.