Ɗaukaka Ƙara a kan Hukuncin Fataucin Miyagun Ƙwayoyi

A Nijeriya, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar waɗanda hukumar NDLEA ta gurfanar bisa zargin fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma dokar da ta kafa hukumar a shekarar 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda aka samu da laifin shigowa da hodar ibilis da makamantanta ko sayar da su, yayin da mallaka kaɗai ke jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Wanda aka yanke wa hukunci yana da ikon ɗaukaka ƙara, wato ya nemi kotun da ke sama ta sake duba abin da ta ƙasa ta zartar, kuma a nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ke duban, inda alƙalai uku ke zama a rassanta irin na Kano da Kaduna da Sakkwato.

Abin da ya fi shige wa dangin ɗaurarre duhu shi ne ɗaukaka ƙara iri biyu ce. Akwai mai ja da samunsa da laifi da aka yi tun asali, misali ya ce ba a tabbatar cewa abin da aka gwada a ɗakin bincike shi ne ainihin abin da aka kama a hannunsa ba. Akwai kuma wanda bai musa laifin ba, tsananin hukuncin ne ya dame shi. Wanda ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban alƙali, kamar yadda da yawa ke yi don neman sassauci, galibi wannan ƙofa ta biyu ce ta rage masa.

Ita kuwa ƙofar ba ta da faɗi, domin alƙalan sama galibi ba sa sake kiran shaidu, kundin shari'ar da aka rubuta a ƙasa suke karantawa, kuma ba sa taɓa hukunci don kawai da su ne da sun yanke ƙasa da haka. Sai lauya ya nuna cewa alƙalin farko ya saɓa wa ƙa'ida ko hukuncin ya wuce kima ƙarara. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba shi madogara, tunda ta hana ɗora iyakar hukunci a kan mai laifin farko, ta kuma wajabta lissafa watannin da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a. Sai dai kotun da ke da ikon ragewa tana da ikon ƙarawa, lamarin da ya kamata lauya ya faɗa wa mai ƙara tun kafin a sa hannu a takarda.

Wa'adin shigar da takardar ɗaukaka ƙara kwana 90 ne daga ranar hukunci, kuma sau da yawa yakan ƙare ana fafutukar haɗa kuɗin lauya, alhali Hukumar Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, domin marasa ƙarfi aka yi ta. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci tare da gamsasshen dalili. Beli a wannan mataki da wuya ake bayarwa, don haka mai ƙara yana zaune a gidan gyaran hali ake sauraron batunsa, idan kuma bai gamsu da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ba, kwana 30 yake da su na zuwa Kotun Ƙoli.