3.4 Sa Ido Kan Baƙin Ƙwari Masu Kama Dogon Yaro a Yankin Isa da Sabon Birni

A wannan kashi za a yi bayani kan yadda ake sa ido kan baƙin ƙwari a yankin Bafarawa da kewaye. Itacen da aka fi damuwa da shi a nan shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Shi kansa baƙo ne, domin asalinsa daga yankin Indiya yake, amma yau shi ne inuwar kasuwa da ƙofar gida, kuma shi aka fi jerawa a shingen tare iska.

A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro da masana ke kira Aonidiella orientalis ya yi wa dogon yaro ɓarna a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, har da Borno. Macen ba ta tashi. Takan manne wa ganye ko ɗanyen reshe, ta rufe kanta da ɗan ɓawo kamar na kifi, tana tsotse ruwan itacen. Daga nan ganye ya yi rawaya ya zube, rassa su soma bushewa daga sama. 'Ya'yanta ne ke yaɗuwa: iska na kwasarsu, haka kuma dashen da aka ɗauko daga wani gari kan zo da su. Itacen da fari ya riga ya galabaitar ya fi shan wahala.

Saboda haka malamin daji ba ya tsayawa daga nesa. Sai ya juya ganye ya dubi bayansa, ya kankare ɓawon da farce, ya fara kuma da gandun renon itatuwa kafin a raba dashe. Wannan na da muhimmanci, domin wajen 1990 an ga dogon yaro na ƙanjamewa a Nijar, rassa tsirara sai ɗan tukkun ganye a ƙarshe kamar wuyan raƙumin dawa, alhali ba wannan ƙwaro ne sanadi ba. Wanda bai bambance su ba zai ɓata kuɗin feshi a banza.

Sabon Birni na kan iyaka da jihar Maraɗi, kuma itace da dashe na ƙetarawa kullum. Rashin tsaron da ya addabi yankin ya sa zagayen ma'aikata ya yi wuya, don haka manomi da mai saran ice su ne za su fara ganin alama.