Likitocin Arewa da zaɓi na biyu: a jira fannin da ake so, ko a shiga wanda ya samu?

Duk matashin likita da ya kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram, aka tura shi aiki Dogondutsi ko Tibiri, akwai tambayar da ke jiransa bayan 'yan shekaru: wane fanni zai ƙware a kai, kuma in bai samu gurbi ba, zai nemi wani?

Digirin ƙwarewa, wanda ake kira DES, yana cin shekara 4 a fannoni kamar na yara da na mata da haihuwa, shekara 5 kuma a fannin fiɗa. Shigarsa sai da jarrabawa, guraben kuma kaɗan ne. Wanda bai samu a Yamai ba yakan duba Dakar, Kwatano, Abijan, Bamako ko Maroko, inda kuɗin makaranta da na zama ke kansa in babu tallafi. Ma'aikacin gwamnati kuwa sai ma'aikatar lafiya ta sahale masa tafiya. Hanyar Faransa ma ta ƙara tsauri tun 2023, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashen biyu.

Abin da jira ke ci

Wanda ya kafe a kan fanni ɗaya, ya faɗi jarrabawa, sai ya jira wani zagaye. A wannan tsakanin iyali na ƙaruwa, barin gida na shekara 4 na ƙara wuya. Wannan ne ke sa wasu su ajiye takardu a fanni na biyu, suna cewa da babu gara ba daɗi.

Sai dai zaɓi na biyu ba zauren jira ba ne. Likitan da ya shiga fannin da ba ya so, da niyyar sauya sheƙa daga baya, yakan tarar cewa sauyin na nufin sabuwar jarrabawa da sabon izini, ga shekarun da suka riga suka tafi. In ya zauna, aikin ke nan har ritaya.

Abin da yankin ke nema

A ƙasar Arewa lissafin yana da wata fuska. Dogondutsi na da nisan kusan kilomita 270 daga Yamai, Tibiri kuma sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Matar da naƙuda ta yi wa gardama a ƙauye, in ba a iya yi mata fiɗa a kusa ba, sai an kai ta Doso. Tun 2005 gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta, amma kyautar ba ta da amfani in babu mai yin fiɗar, ko babu mai sa majinyaciya barci ya kuma farfaɗo da ita.

Fannin sa barci da farfaɗowa na cikin waɗanda Nijar ke da ƙarancin ƙwararru a kai, duk da cewa ba kowa ke sa shi a gaba ba. Kwatano ta daɗe tana horar da likitocin ƙasashe masu magana da Faransanci a wannan fanni.

Akwai kuma horon fiɗa na gunduma, na wata 12, wanda ke koya wa likita fiɗar haihuwa da sauran ayyukan gaggawa. Binciken da Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa tsarin ya rage tura majinyata daga gundumomin jihar Doso zuwa babban asibiti. Amma wannan takarda ba DES ba ce, ba ta ba mai ita matsayin ƙwararren likitan fiɗa. Amfaninta ga mai burin fiɗa shi ne hannunsa na faɗawa kafin jarrabawa ta gaba.

Ma'aunin dai guda ne: likita ya nemi fanni na biyu in zai iya yin shekara 30 a cikinsa ba tare da nadama ba. In ba haka ba, gara ya zauna asibitin gunduma ya sake shiri, domin gurbin da ya karɓa ya watsar, wani ne aka hana.